Takun Herminia

Lamont, California

Yaya Herminia,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya gajiya? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Doña Chayo mai sayar da abinci za ta miƙa miki takardar nan, tunda kin hana ni zuwa gidanki.

Ina riƙe da alkawari. Ba wanda ya san ciki ɗaya muka fito, ke kina amsa sunan mijinki, ni na babanmu. Amma da wuya, Yaya. Gona ɗaya muke yankan inabi, in rana ta take ku mata ku taru a inuwa ku ci, ni in jingina da tayar tarakta. Har samari sun sa mini suna Mijin Tarakta.

Jiya da jirgin feshin maganin ƙwari ya bi ta kanmu, wata ta yi fito da baki, mata suka ajiye almakashi suka daina aiki, Don Rutilio mai kula da mu ya kusa haukacewa. Duk kun naɗe fuska da ƙyalle kamar kullum, ido kawai ake gani, bai san wa zai kora ba. Da aka tashi ya tare ni. Ya ce, "Kai shiru-shiru, an ce ko ɓera ya gifta sai ka faɗi ƙauyensu. Wace ce mai fiton nan ta ƙungiyar ƙwadago? Nuna mini ita, tuƙin tarakta ya zama naka, rani da hunturu."

Na ce, "Don Rutilio, ni da ko budurwa ba ni da ita, ina na san mata?"

Ya yi dariya, ya ce in je in yi tunani.

Ƙaninki,
Telo

*

Eleuterio, Telo nawa,

Na ga saƙonka, muna lafiya. Ka yi daidai. An kusa jefa ƙuri'a a kan ko ƙungiyar ƙwadago za ta shigo gonar nan. In ya kore ni kafin ranar, matan za su tsorata, kuma a ci gaba da feshe mu kamar ƙwari. Lupita abokiyar aikinmu har yanzu amai take yi saboda feshin, ga ciki.

Kada ka dube ni a gona. Kada ka gaishe ni. In ka ga na faɗi, wuce. Bayan ƙuri'a ma zauna.

Na ga ka rame. Na sa Chayo ta riƙa ƙara maka wake. Ka ci.

Yayarka,
Herminia

*

Yaya Herminia,

Ina gaisuwa. Waken ya iso, har Chayo na cewa, "Wata ce ke kiwonka, ɗan nan, faɗa mini rana in je biki." Na ci shi a gindin tarakta.

Ba na dubanki, amma ba sai na duba ba. Ko buhu kika shiga na san takunki. Kina jan ƙafar hagu tun ranar da kika goya ni muka faɗo daga kan jakin Kawu Nabor, ke kika karye, ni ko ƙwarzane. In kin gaji ya fi fitowa.

To, ba ni kaɗai na lura ba. Yau Don Rutilio ya ja ni bayan motar ruwa. Ya ce, "Na gano ta. Da ta yi fito ta juya, na ga tana ɗingishi. Ran Litinin ka tsaya kusa da ni a bakin ƙofa, ido huɗu sun fi biyu. Kai kaɗai na faɗa wa, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Ban san dabarar da za ki yi ba, ke ce mai kai. In kin yi wani abu zai san daga bakina ya fita. Na kwana da wannan, na tashi da shi. Ba komai. Ɗakina dama katifa ce da tukunya ɗaya, ba su da nauyin ɗauka.

Allah ya tsare ki.
Telo

*

Zuwa Yakima, ta hannun ɗan Kawu Nabor

Telo, ƙanena,

Ina gaishe ka, in takardar nan ta same ka. Chayo ce ta ce ta gan ka a tashar mota, ka ce za ka arewa tsinkar tuffa.

Na gaya wa mata biyu kawai abin da ka rubuto, su kuma suka gaya wa duniya. Ka ga abin da ya faru ran Litinin: kowace mace ta shigo tana jan ƙafar hagu. Tsohuwa Eduviges ta ƙara da nishi, tana cewa, "Wayyo Don Rutilio, cutar nan kamuwa take, matsa kar ta kama ka!" Har Chayo, da ba ta yankan inabi, ta biyo mu da kwandonta tana ɗingishi. Muna dariya a cikin ƙyalle, sai na ji ya daka maka tsawa, "Ajiye almakashina, munafuki, fita!" Na ji da kunnena, Telo. Ban juya ba. Da na juya, da ya gane.

An jefa ƙuri'a, mun ci. Ranar na kwance ƙyallena a gabansa, na faɗa masa sunana da sunan babanmu. Daga nan ɗakinka na nufa da tukunyar miyar kaza, wadda kake so. Wani baƙo ne ya buɗe mini ƙofa.

Maganar mayar da kai aiki ita ce ta farko da zan kai gaban masu gona. Ban san ko za su yarda ba. Yara suna tambaya wai da gaske suna da kawu.

Faɗa mini abu ɗaya. A cikin duk masu ɗingishin nan, ka gane ni?

Yayarka da ta goya ka,
Herminia

*

Yakima

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi murna ƙwarai. Nan akwai sanyi, tuffa kuma ta fi inabi nauyi, amma ina ci, ina barci. Ki gaya wa yara da gaske ne.

Na gane ki mana. Da ya kore ni, duk matan sun juyo suna kallona. Ɗaya ce kawai ba ta juyo ba.

Ƙaninki,
Telo