Motarki Tana Cikin Ƙoshin Lafiya

Zuwa ga Uwargida, sanyin idona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jikanmu sabon baƙo. Yaya ciwon gwiwar?

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa kwamitin unguwa, ƙarƙashin jagorancin mijinki, ya kafa tarihi. Na yi musu doguwar lacca a kan yadda masana tsara birane na farko suka ce unguwa ta gari ita ce wadda yaro zai je makaranta bai tsallaka babban titi ba. Yadda magadansu suka shagala da mota har suka rusa gidaje domin faɗaɗa mata hanya. Da yadda duniya ta dawo daga rakiyarsu. Ko hujja ce ta ratsa su ko yunwa, Allah masani, amma kowa ya ɗaga hannu a rufe wa motoci layi, ban da mai shagon kayan gini, wanda manyan motocinsa ke ratsa layinmu.

Jiya aka kafa turakun kankare a bakin layin, gaba da baya. Ni da kaina na tsaya a kan magini, na sa ya matse tsakaninsu yadda ba abin da zai wuce sai mutum da keke. Sai da kankare ya bushe na koma gida, na buɗe gareji domin ajiye lemata.

Motarki tana gaishe ki. Tana ciki.

Naki har kullum,
Shugaban Kwamiti

Uwargida, ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa da sunkuyar da kai. Amsarki ta iso, kuma na yaba da gajartarta, ko da yake ban san kin iya irin waɗannan kalmomi ba.

Magini ya ce zai iya tumɓuke turke ɗaya. Amma mai shagon ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da aka cire wa Shugaba ɗaya, shi sai an cire masa duka. Saboda haka na yi abin da bai dace da furfurata ba. Da tsakar rana, lokacin da na saba ganin layin wayam, na fito da motar a hankali, na nufi turakun, ina fatan ko magini ya saɓa mini ya bar sarari.

Bai saɓa ba. Mutumin kirki ne, abin takaici.

Na kuma manta cewa layin ya daina zama wayam. Tun da motoci suka ɗauke ƙafa, tsofaffi sun fito da benci, tela ya fito da kekensa inuwa, yara suna ta tsalle-tsalle a tsakiyar titi. A gabansu duka na maƙale, ba gaba ba baya, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Tela ya leƙo ta taga ya ce, "Shugaba, da ka zo na auna ta tukuna!" Mai shagon kuwa kujera ya jawo, ya ce kada in damu, a yi min laccar tarihi kafin a ciro ni. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya a rubuce. Iyayen yaran ne suka turo ni baya. Madubin gefe ɗaya ya riga mu gidan gaskiya.

Da yamma aka kira taro. Mai shagon ya kawo shawarar a tausaya mini a buɗe layin, tausayin kura ga akuya. Kowa ya zuba mini ido. Na tuna ke, na tuna gwiwarki, na dubi yaran da ke wasa a inda a da ko babba sai ya ruga. Na miƙe, na ce turaku suna nan daram.

Aka yi tafi. Ban ji daɗinsa ba, domin da motarki na yi wannan jarumtar, ban kuwa nemi izininki ba.

Ki faɗa mini ranar dawowarki. Na yi magana da mai baro. Akwatunanki zai ɗauka. Ke kuma, in gwiwar ta ƙi, akwai bayana.

Mai neman afuwa,
Mijinki