Aikin da Hadiza take yi da haske

Laraba da dare, Dakoro

Sai yau na gane aikin ɗiyata Hadiza, kwana arba'in da rasuwarta. Ƙawarta ta jami'a ta zo gaisuwa, ta ce, "Inna, ai ba gyaran salula take ba. Haske take tsarewa tsakanin madubi biyu, da wani ruwa irin na gilashin salula, tana duba yadda juyin hasken ke sauya wa hasken kansa hanya."

Ni kuwa shekara uku ina gaya wa mutane mai gyara ce. Duk hutu maƙwabta su tara mata matattun saluloli, ta karɓa tana dariya. Ko sau ɗaya ba ta kunyata ni ba.

Huɗu na nan cikin akwatinta. Ban maida wa masu su ba.