An Kaɗa Ƙuri'a Kan Kabarin Mahaifina

Daga: Evlambiya Tsolakidu,
Layin bayan tsohuwar kasuwar kifi,
Kavala.
6 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Kamfanonin Yawon Buɗe Ido,
Kavala.

GAME DA: ƘORAFI KAN KAMFANIN TAFIYE-TAFIYE NA MURKOS DA ƊANSA, BISA HANA MAHAIFIYATA ISA KABARIN MIJINTA DA WULAƘANTA SADAKAR ARBA'IN ƊINSA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan aiki yana tafiya lafiya, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifiyata, Marigo Tsolakidu, mai shekara tamanin da huɗu. Ni tela ce, ban iya maganar ofis ba. Zan yi ƙoƙari in tsaya kan ladabi, inda na zame kuma a yi mini uzuri, domin har yanzu raina a ɓace yake.

1. Mahaifina, Anestis Tsolakidis, ya rasu ranar 19 ga Agusta. Bisa wasiyyarsa aka binne shi a ɗan tsibirin Melisonisi inda aka haife shi, inda yanzu babu kowa sai ƙaramin coci, da makabarta, da awaki. Ranar jana'iza mahaifiyata tana kwance a asibiti da karayar ƙugu. Shekara sittin da ɗoriya suna tare, amma ba ta ga inda aka sa shi ba. Tun da aka sallame ta a keken guragu take, kuma kwale-kwalen masunta ba ya iya ɗaukar ta. A duk gaɓar nan, jirgin kamfanin Murkos ne kaɗai yake da ƙofar da ake saukewa keke ya hau.

2. Saboda haka na je ofishinsu da ke bakin tashar jiragen ruwa. A jikin allonsu akwai tafiye-tafiyen yini guda iri-iri: zuwa kangon Filippi, zuwa Tasos, da zagayen ƙananan tsibirai ranar Asabar. Na zaɓi na ƙananan tsibirai, mai tsayawa a Melisonisi, na ranar 27 ga Satumba, ranar addu'ar arba'in. Ban ɓoye dalilina ba. Mai kamfanin, Timoleon Murkos, wanda ya sha zama teburin gahawa ɗaya da mahaifina, ya dafa ƙirji ya ce: "Haba 'yata, Anestis fa? Ko a bayana sai na kai Marigo." Na yarda da shi, domin ban san cewa bakinsa daban, kamfaninsa daban ba.

3. Kwana biyu muka yi muna haɗa koliva, dafaffiyar alkamar da ake kaiwa coci saboda mamaci. Mahaifiyata da kanta ta tsince alkamar, ta ɓare rumman, ta barbaɗa farin sukari, ta jera gicciye da haruffan sunan mijinta a sama. Ta hana ni taɓa haruffan. Limamin cocinmu Fada Serafim kuwa tun ranar Juma'a ya haye tsibirin don ya share cocin ya jira mu.

4. Ranar Asabar da safe muka shiga motar kamfanin da za ta kai mu tashar Keramoti, inda jirgin yake. An naɗe keken mahaifiyata an sa a ma'ajiyar kaya tare da farantin koliva. Sai da muka zauna aka cika motar maƙil da baƙi daga wani babban jirgin ruwa da ya tsaya a garin nan. Ba mu fita gari ba sai ɗan mai kamfanin, Lazaros Murkos, wanda shi ne jagoran tafiyar, ya ɗauki lasifika ya sanar cewa akwai iska a teku. Ranka ya daɗe, a Kavala aka haife ni. Tekun ranar nan shimfiɗe yake kamar zanen gado da aka goge, ko tutar tashar ba ta motsi. Gaskiyar magana ita ce baƙin suna son su koma jirginsu da wuri, kuma duwatsun Filippi suke son gani.

Da na miƙe na yi magana, sai ya yi dariya ya ce: "Gwaggo, kwantar da hankalinki. A ƙasar nan aka haifi dimokuraɗiyya, bari mu nuna musu yadda ake yin ta." Nan take ya sa aka ɗaga hannu, masu son kango da masu son tsibiri. Baƙin suka ɗaga wa kango suna tafi, sun ɗauka wasa ne cikin shirin tafiya. Mu biyu muka ɗaga wa tsibiri. Mahaifiyata ba ta ma gane abin da ake yi ba, ta ga na ɗaga ne ita ma ta ɗaga. Ina so a rubuta wannan a sarari: an kaɗa ƙuri'a kan ko matar mutum za ta ga kabarinsa, kuma an kayar da ita.

Na ce a sauke mu. Direba ya ce ba zai tsaya a babbar hanya ya zazzage kayan mutane saboda keke ɗaya ba. Haka aka wuce da mu Filippi kamar buhunan albasa.

5. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba zan yafe ba. A Filippi na tura mahaifiyata inuwa, na koma bakin ƙofa ina neman tasi da za ta kai mu Keramoti, ban san cewa an riga an soke fitar jirgin ba. Da na dawo, sai na tarar da farantinmu a kan wani karyayyen ginshiƙi, baƙi sun kewaye shi da cokulan roba. Lazaros yana gaya musu wai wannan alawar gargajiya ce da kamfani yake ba baƙinsa kyauta.

Baƙin ban ga laifinsu ba, ba su san abin da suke ci ba. Lazaros kuwa ya sani. Ɗan garin nan ne, uwarsa ta yi wa kakansa irin wannan farantin, na kuwa ci a bakin coci. Da na tambaye shi, ga amsar da ya ba ni: "To Gwaggo, ai dama rabawa ake yi. Ko so kike ta lalace a rana?" Rabawa ake yi, na'am, amma bayan Fada ya yi addu'a a kanta, kuma duk wanda ya karɓa yakan ce Allah ya gafarta masa. Ranar nan babu bakin da ya nema wa mahaifina gafara. Abin da aka yi ta faɗi shi ne akwai daɗi. Mahaifiyata tana zaune tana kallo aka kwashe haruffan da ta jera. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce mini: "Evlambiya, rufe mini fuska." Na rufe ta da gyalena. Akwai sunan da ya dace da yaron nan, amma ba na takardar hukuma ba ne.

6. Fada Serafim ya jira har la'asar, ya yi addu'ar shi kaɗai a kan kabari, babu koliva, babu matar mamaci, babu 'yarsa.

7. Ranar Litinin maƙwabciyata ta nuna mini shafin kamfanin a wayarta. Ga hoton farantinmu kafin a ci, da gicciye da haruffan mahaifina ɓaro-ɓaro, an rubuta a ƙasa wai "ɗanɗanon gargajiya a kowace tafiya". Na je ofishin. Timoleon ya shige ɗakin ciki ya ce a gaya mini ba ya nan, alhali ina jin tarinsa. Aka miƙo mini takardar tafiya kyauta zuwa, ka ji rashin kunya, Filippi! Na bar musu abarsu a kan tebur.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon ofishinka mai daraja:

(a) A tilasta wa kamfanin cire hoton nan yau, ba gobe ba.

(b) A hana su wannan ɗabi'a ta sauya hanya da ɗaga hannu bayan mutum ya zaɓi tafiyarsa ya shiga mota. A kira Lazaros Murkos ya amsa tambaya kan ƙaryar iska, kuma ya zo gidanmu ya ba mahaifiyata haƙuri ido da ido, ba ta waya ba.

(c) Wanda ya fi duka: a sa kamfanin ya fitar da jirginsa zuwa Melisonisi kafin ƙarshen wannan wata. Ban nemi a mayar mini da komai ba, jirgi nake nema. A ƙarshen Oktoba suke fitar da shi daga ruwa sai bazara, kuma likitan zuciyar mahaifiyata ya ja ni gefe ya gaya mini kada in yi lissafi da bazara.

Ranka ya daɗe, na san takardu da yawa suna jiran hannunka, kuma kowace tana da layinta. Amma kullum da safe tsohuwar nan takan sa in saka mata baƙaƙen kayanta da takalmin fita, in tura ta bakin ƙofa, ta tambaye ni ko yau ne. Kullum nakan ce mata gobe, kuma na gaji da yi wa uwata ƙarya. Tsibirin kam za ta je shi ko da izinin Murkos ko babu, wurinta yana nan kusa da mijinta. Abin da nake roƙo shi ne ta je da idonta biyu.

Ka huta lafiya.

Taka cikin girmamawa,

Evlambiya Tsolakidu,
'yar marigayi Anestis Tsolakidis.