Sun Kashe Mini Makirufo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Tunda kin ƙi ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun Dogo direba. In kin ga dama ita ma ki ƙi karantawa.

Saƙonki ya iso, wai in kama bakina a wuce da ƙudirin sayar da filin tasharmu, kada jam'iyya ta hana ni tikitin komawa majalisar jiha. Haba Yaya! Ke da rumfarki ke cikin tashar, ke ce mai cewa in yi shiru? A rumfar nan kika raine ni bayan rasuwar Inna. A ƙofar tashar na yi shekaru ina kiran fasinja har maƙogwarona ya bushe. Direbobi da masu faci da 'yan dako ne suka kawo ni zauren nan. Yanzu ana so a watsa su bayan gari, inda ko akuya ba ta bi, a gina wa wani attajiri shaguna.

Jiya mai tsawatarwa na jam'iyyarmu ya shigo ofishina, ya shanye mini shayi, ya ce manya suna gaishe ni, kuma in tuna kujera ba gadon gidanmu ba ce. Kamasho yake kirana, kamar sauran, suna zaton zagi ne. Na raka shi har ƙofa na ce ya gaida manyan.

Ki riƙa shafa wa gwiwar magani.

Ƙaninki,
Kamasho

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikinki. Dogo ya ce kin karanta, kin yi tsaki, kin cusa takardar a ƙasan tire. Na gode, ai an karanta.

An fara gasa mini. Sun cire ni daga kwamitin sufuri, sun karɓe motar ofis, sun mai da kujerata can baya kusa da ƙofa, gindin na'urar sanyi mai ɗiga. Kowane tebur yana da makirufo, amma maɓallin yana gaban Kakakin majalisa. In na ɗaga hannu sai ya kama kallon silin, fitilar makirufona ba ta kamawa.

Ga yadda suke so su yi ranar Talata. Kakaki zai ce masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, shi ne kuma mai cewa wace murya ta fi ƙarfi. Ya buga guduma, shi ke nan, ba wanda zai san wa ya sayar da tashar. Amma dokar zaure ta ce in ɗan majalisa ɗaya ya ƙi yarda, dole duk mai goyon bayan ƙudirin ya miƙe tsaye a gan shi, a ƙirga.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son kujerar nan, ina kuma jin tsoro. Matata ta daina yi mini maganar, sai kallo. Amma wallahi ba zan zauna kamar buhu a sayar da ku ba. Akwai benen 'yan kallo a saman zauren, kullum wayam yake. Ban ce ki yi komai ba.

Ƙaninki mai taurin kai,
Kamasho

Yaya,

Barka da war haka, ya ƙafar? Ashe ke ce! Dogo ya tona miki asiri, ya ce da gwiwar nan kika bi rumfa rumfa, layi layi, kina ɗingishi kina zagina kina tura mutane. Benen ya cika maƙil, har da masu faci da baƙin mai a riga.

Da Kakaki ya nemi e, aka yi gunaguni, kowa kansa a ƙasa. Ya nemi a'a, hannunsa na kan guduma, fitilata a mace. Sai na miƙe, na kafa tafin hannu a gefen baki kamar ina kiran motar ƙarshe, na saki a'a ɗin. Yaya, sai da akawu ya yar da biro! Ban tsaya ba, na nemi a miƙe a ƙirga, na maimaita har ba mai iya cewa bai ji ba.

Abin da suka manta, tasharmu kowace mazaɓa take kai mota. Kowane ɗan majalisa ya ɗaga kai ya ga direban da ke kai uwarsa gida. Waɗanda suka miƙe ba su kai rabi ba. Ƙudirin ya faɗi.

Kafin a tashi suka dakatar da ni, wai na yi hayaniya a zaure. Tikitin kuma an ba surukin Kakaki. Ya yi mini zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ko gobe aka sake, haka zan yi.

Jibi ina tafe a motar Dogo, gidan gaba. Ki share mini bencina na ƙofar rumfa, ki dafa ruwan zafi da zuma. Muryar ta dishe, amma rumfarki na nan inda take.

Ƙaninki har kullum,
Kamasho