Get Ɗin Gidan Abu Wajdi

Litinin, 4 ga Disamba

Ruwa tun Asabar. Yau ya ɗauke, hazo ya gaje shi. Daga Sofar zuwa Bahamdun, nan tsaunukan bayan Beirut, da ƙyar nake ganin gaban akori-kurata.

Wata mata ta kira da safe, Ummu Wajdi, gidan dutsen nan na ƙarshe kafin a gangara babban titi. Get ɗinta in ya kama rufewa sai ya kai rabi ya tsaya, ya koma ya wangale. Mai gudu a kan layin ƙarfe ne, ƙato. Ɗansu da ke Ostireliya ya sa aka kafa musu da rani. Wanda ya yi aikin bai taɓa ganin Sofar a Disamba ba: akwatin wuta dab da ƙasa, bakin waya ko gam babu. Na buɗe na tarar da katantanwa sun kwanta a kan allon wutar, sun sami ɗumi. Na kwashe su, na busar, na toshe. Ya rufe lafiya.

Ina tsugune wani tsoho ya fito da kwat da hula, mukullin mota a hannu. Ya ce, "Kai, ka gama? Fasinja na jirana." Na ce saura kaɗan. A tsakar gidan akwai tsohuwar Marsandi, tayoyinta duk sun sace. Matar ta zo ta kama hannunsa, wai ya zo ya karya tukuna.

Alhamis, 7 ga Disamba

Get uku yau, duk ciwo ɗaya: giris ya daskare. Gwiwata ma haka.

Asabar, 9 ga Disamba

"Mu'allim Nazih, ya sake." Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

Na same shi a wangale. Wannan karon idon ne. Ido biyu ne a jikin ginshiƙai suna kallon juna, in abu ya gitta tsakaninsu get ya fasa rufewa. Raɓa ta kwanta a kan gilashin ta daskare, shi kuma ya ɗauka mutum ne a tsaye. Na goge da hannun rigata, ya rufe. Aikin ke nan.

Ta kawo min shayin ganyen mate har bakin get, a nan ta gaya min. Mijinta, Abu Wajdi, shekara arba'in yana jan tasi daga Beirut zuwa Sham. Yanzu sunanta ma wani lokaci sai ya lalubo. Hanya ce kawai bai manta ba. Kullum da safe sai ya shirya zai je tasha. An cire wa motar batir, ƙaramar ƙofar gidan ma an toshe ta da bulo. Get ɗin nan shi kaɗai ne tsakaninsa da titi.

Ta ce in cire idon. Ya rufe kawai, ko me ya gani.

Na ce ba zan iya ba. Ƙarfen nan ya kai nauyin ƙaramar mota, in ya matse mutum da ginshiƙi ba ya sanin ya matse. Kuma wa ya fi tsayawa a wurin in ba shi ba?

Ta ce, "To manyan motocin da ke titi fa, su ido gare su?"

Na ce akwai ido mai ɗan abin ɗumi a cikinsa, raɓa ba ta zama a kai, zan sa a kawo daga Beirut. Kafin nan ta riƙa gogewa da asuba. Ta karɓi kofinta ta shige.

Lahadi, 10 ga Disamba

Na ba matata Hiyam labari muna cin miyar waken adas. Ta ce, "Gaskiya ka faɗa mata. Sai dai gaskiyar ba za ta riƙe mata tsohon ba." Shekara nawa da aure, har yau matar nan ba ta taɓa barina na ci abinci da gaskiyata cikin kwanciyar hankali ba.

Alhamis, 14 ga Disamba

Mai shagon Beirut ya ce kayan sun ƙare, sai bayan sabuwar shekara. Ban kira Ummu Wajdi na gaya mata ba. Gobe.

Talata, 19 ga Disamba

Ina Bahamdun, kaina a cikin wani akwatin wuta, waya ta yi ƙara. Muryar Ummu Wajdi a kwance, ba kuka. "Ya fita."

Ta goge idon da asuba kamar yadda na ce. Mai jinyar da ke zuwa yi masa allura ta shigo, ta fita, Ummu Wajdi ta danna rimot ta koma kicin. Raɓa ta riga ta sake kwanciya.

Maƙwabta sun bazu, wasu sun bi gonaki, wasu tsohuwar tashar jirgi. Ni titi na nufa, don in ni ne shi can zan je. Hazo kamar an jiƙa auduga an rufa wa gari. Na riƙa tafiya a hankali, gilashi a sauke. Muryarsa na fara ji kafin na gan shi: "Sham, Sham, saura mutum ɗaya." Yana tsaye gaban otal ɗin nan da aka rufe, inda 'yan tasi ke lodi a da. Silifas ne a ƙafarsa, kwat ɗin ya jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya a kan kwalta. Wata tirela ta wuce, iskarta ta ɗauke masa hula.

Na kama hannunsa ya fizge. "Sake ni. Kai wane ne?" Ƙarfi gare shi, ban zata ba. Na rasa yadda zan yi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Abu Wajdi, Shatura zan je, hazon nan ya ɓatar da ni."

Ya dube ni, ya dubi akori-kurar. "Wa ya ba ka lasin?" Ya zagaya ya buɗe ƙofa ya zauna.

"Giya ta biyu. Kar ka taka birki a kwana, kafin kwana ake takawa." Haka har muka yi ɗan nisa, hita na busa masa ƙafa. Da na juya motar ya ce ina za mu, na ce na manta kaya a gida. Ya yi tsaki.

Ummu Wajdi ta karɓe shi da bargo. Ko kallona ba ta yi ba. Da ni ne ma ba zan kalla ba.

Laraba, 20 ga Disamba

Na je da filaya a aljihu, da niyyar in yi mata abin da ta ce. Waya biyu ce kawai za a haɗe. Na buɗe murfin, na tsaya ina kallo har yatsuna suka mutu da sanyi. Na mayar da murfin.

Sai na saki injin, get ya zama na turawa da hannu, na sa sarƙa da kwaɗo. Ta gwada turawa, ko motsi bai yi ba, kafaɗarta dama ba lafiya. Na ce zan riƙa biyowa da safe in buɗe wa mai jinya da mai burodi, in rufe. Mukulli ɗaya na wurin maƙwabcinsu mahauci saboda ko ta-kwana.

Ta ce, "Kai ka ɗora wa kanka." Na ce eh.

Da yamma ɗansu Wajdi ya kira ni daga Ostireliya. "Kawu Nazih, duk abin da ya kamata a saya, a saya." Na ce ba maganar saye ba ce, jira ne. Ina jin yaransa suna wasa a bayansa. Ya tambaye ni ko mahaifinsa ya rame. Na ce ban san shi a da ba.

Juma'a, 22 ga Disamba

Ina tura get ɗin Abu Wajdi ya wuce ta gefena, ya buɗe akori-kura ya zauna, hula a gwiwa. Na dubi Ummu Wajdi, ta dube ni. Ta shiga ciki ta fito da mayafin wuya da gurasa mai yajin za'atar a takarda, ta miƙa min.

Na tafi da shi Aley wurin wani aiki. Bai sauka ba, yana ciki yana yi wa direbobin da ke wucewa faɗa ta bayan gilashi. Mansur yake kirana. Yaron motarsa ne a da, in ji matar. Ni da furfurata.

"Mansur, ka duba ruwa?"

"Na duba, maigida."

"Ƙarya kake."

Ƙaryar kuwa nake. Na tsaya na duba, ya yi ƙasa.

Alhamis, 28 ga Disamba

Kullum yanzu. Ta ce in mun dawo yana cin abinci ya yi barci, ba ya zuwa ya buga get da mukulli. Yau ita ma ta yi barcin rana, na farko tun bara. Ta faɗa kamar mai jin kunya.

Hiyam ta ce na yi ɗan rakiya. Na ce a hazo ya fi ni sanin ramukan hanya, wannan kuwa ba wasa nake ba.

Laraba, 3 ga Janairu

Kayan sun iso. Yini guda na yi a kai. Sabon ido, na yi wa kowanne 'yar rumfa da gwangwani, na ɗaga akwatin wuta zuwa ƙirji, na wanke tsohon giris da kananzir na sa mara nauyi, na kankare tsatsar layin. Na fesa wa idon ruwa, ya rufe. Na tsaya a tsakiya, ya tsaya. Na sake, na sake, har Ummu Wajdi ta ce ya isa, zan ƙarar musu da wutar janareto.

Na kwance sarƙa na jefa a bayan mota. Ta ce, "Allah ya ba hannunka lafiya, Mu'allim." Karo na farko da ta yi min murmushi.

Talata, 9 ga Janairu

Dusar ƙanƙara har gwiwa. Waya ba ta huta ba, amma ba daga gidansu ba. Aiki ya yi kyau ke nan.

Alhamis, 11 ga Janairu

Motar ta yi shiru da yawa. Na kunna rediyo, na kashe.

Asabar, 13 ga Janairu

Ummu Wajdi ta kira. Na ce idon ne? Ta ce, "Get lafiyarsa lau." Can ta ce yana tsaye a bakinsa da hularsa tun safe, wai Mansur ya makara. Kwana da kwanaki haka yake yi, ta ƙi kirana ne don ba hakkina ba ne.

Na ce ina hanya. Dama ta nan zan bi. Kusan.

Talata, 30 ga Janairu

Rana ta fito yau, na hau da shi har Dahrul Baidar, na tsaya inda ake hango kwarin Biƙa gaba ɗaya. Muna cin gurasa. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Mansur ya mutu tun kafin a haifi Wajdi."

Na ce haka ne.

"Kai mai gyaran get ne." Na ce eh. Ya tauna a hankali. "Get ɗin nan, saboda ni aka sa shi, ko?"

Na ce saboda ɓarayi.

Ya yi dariya har da tari. "Ka iya ƙarya kamar yaron mota." Ya ɗan jima ya ce, "Najla ta gaji. Kar ka gaya mata na sani."

Ban san sunan Ummu Wajdi ba sai yau. Muna gangarowa ya tambaye ni ko fasinjan baya sun sauka a Shatura. Na ce sun sauka.

Ban gaya mata ba. Hiyam ma ban gaya wa ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ƙirjin Abu Wajdi. Likita ya ce sanyi ya shiga huhu, ba fita. Na tsaya ina tunanin ko ranar Dahrul Baidar ce, na bar gilashi a sauke. Ummu Wajdi ta ce in daina, tarin ya girmi wannan ranar.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na biya in gaishe su, na tarar da get a wangale. Na sauko da sauri da akwatin kayana. Ta leƙo ta taga ta ce ita ta bar shi haka saboda likita da masu dubiya. "Yanzu ko a buɗe ya yini, ba mai fita."

Na tsaya da akwatin a hannu kamar wawa.

Juma'a, 2 ga Maris

Na ce wa Hiyam tayar get ɗinsu tana ƙara, zan je in ɗiga mata mai. Sai ta zuba miya a kwanon murfi ta sa min a mota.

Ya rame ƙwarai. An jawo gadon kusa da murhu. Ummu Wajdi ta ce tunda na zo bari ta shiga wanka, ta bar ni da shi. Na ba shi miyar da cokali, ya sha kaɗan. Idonsa a rufe ya ce, "Ina muka kai?"

Na ce mun wuce Shatura.

"Yi a hankali. Akwai kwana a gaba."

Na ce to, maigida.

Na zauna har azahar. Akwai mutanen Aley da ke jirana tun safe, na kira na ce hanya ba kyau. Sai da na dawo gida na ga gwangwanin man yana nan ƙarƙashin kujera, ban ko fito da shi ba.

Ina jin gobe ma tayar nan za ta yi ƙara.