Wadda Ke Cikin Karofi

Daga Mati, Kufan Marina, ƙasar Kunci

Zuwa ga Khalilu ɗan ƙanena, gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina iyali?

Bayan haka, bara, shekarar da mota ta koma hannun dama, ka zo da mutanenka na jami'a, kuka ba ni buhun dawa, na zaga da ku kufai. Lokacin fari ne, ba na musu, na ci. Amma na ce muku kada a taɓa karofin da ke gindin tsamiya. Jiya na je na tarar da shi wayam. An ce har da ƙasusuwa kuka kwashe a kwali. Ka dawo da su kafin Juma'a. Kada ka tambaye ni dalili.

Sabo tela ke rubuta mini. Ka gai da matarka Safiyatu. Wassalam.

*

Daga Khalilu, Kano

Baba, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Ka kwantar da hankalinka. An auna gawayin ramin, ya haura shekara ɗari huɗu. Mace ce, an binne ta a naɗe, ba ta fuskanci alƙibla ba, watau tun kafin Musulunci ya iso wurin. Mun sa mata lamba goma sha huɗu, tana cikin gilashi, ɗalibai na ƙaruwa da ita. A kanta nake rubuta littafin digirina. Ba ta da dangi, Baba. Zan aiko da wani buhun.

Ɗanka, Khalilu.

*

Khalilu, gaisuwa.

Riƙe buhunka. Gawayi ya faɗa muku shekarun rami, bai faɗa muku shekarun wadda ke ciki ba. Duba hannunta na hagu. Ƙaramin yatsa a karye yake, taɓarya ce ta karya shi. Akwai warwaron jan ƙarfe guda biyu, ɗaya da tsaga.

Sunanta Barira. Ita ta haifi ubanka.

A yunwar Kakalaba ina ɗan shekara goma, ubanka yana goye. Kowa ya gudu ko ya mutu. Dunƙulen dusa ɗaya ya rage, yana hannunta, na ɓamɓare yatsunta na cinye tana kallona. Da ta cika ba ni da ƙarfin haƙa. Na ja ta da ƙafa na tura a karofi, na yayyafa ƙasa. Ba wanka, ba salla. Na saɓi ubanka na bi hanya. Shi ya sa ba ta kalli gabas ba, malamin ilimi.

Sabo ya ajiye alƙalami sau biyu kafin ya gama wannan. Zuwa la'asar duk gari zai ji. A ji. Dawo mini da uwata a sallace ta.

Mati.

*

Baba, ina gaisuwa.

Na duba. Yatsan a karye yake. Amma mata nawa taɓarya ta karya wa yatsa? Kuma ina da muryarka a faifai, kaset na bakwai, kana rantsuwa cewa kakata Barira ta rasu a hanyar Makka, an binne ta a Sudan. Haka ka faɗa wa mahaifina har ya koma ga Allah. Duk tarihin garin daga bakinka na ɗauka. In ka yi ƙarya a wannan, wanne zan bari a littafin? Shugaban sashenmu ya ce abin da ya shiga rajista ba ya fita da maganar baka. Ka yi haƙuri, tsufa ne.

Khalilu.

*

Khalilu.

Ƙarya ɗaya na yi a shekara sittin, ita ka zaɓa ka gaskata, don ita ce ba ta taɓa digirinka.

Liman ya ce ba zai sallaci wadda takarda ta kira arniya ba sai takarda ta janye. Yara sun fara kirana Ci-Dusa. Na sayar da akuyata na yanki likkafani, Sabo ya ɗinka bai karɓi ko kwabo ba.

Gobe da safe zan ɗauki sungumi in haƙa kabari a gindin tsamiya, wannan karon ina da ƙarfin. In na gama zan zauna a bakinsa in jira motarku. Tsawonmu ɗaya da ita. Ko ka kawo ta ko ba ka kawo ba, ramin ba zai yi asara ba.

Ka gai da lamba goma sha huɗu.

Mati.