Mutumin da Ya Ce Shi Ne Lurwanu

Misfala, Makka
Shawwal, 1368

Zuwa ga yayata Hadijatu, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Alhazai sun fara cika gari, tandar wainata ba ta hucewa.

Yaya, ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa. Wani mutum ya sauka gidanmu, ya ce shi ne Lurwanu, ƙanenki, wana, wanda ya bi jirgin ruwa daga Jidda shekara talatin da uku da suka wuce. Ina 'yar shekara huɗu a lokacin, ko kamanninsa ban riƙe ba. Baba kuma ya rasu. Ke kaɗai kika rage da za ki iya shaida shi.

Dogo ne mai furfura. Ƙuna ta cinye masa kuncin dama, daidai inda billen gidanmu yake. Wai tukunyar jirgi ce ta fashe. Na ce a raina, lallai wutar nan ta iya zaɓen wuri. Ya san sunan Inna da na Baba, ya san daga Gumel muka taso. Amma wanda ya shekara yana cin abinci kwano ɗaya da mutum a cikin jirgi, me zai kasa kwashewa daga bakinsa?

Ya ce bayan ƙunar aka sauke shi a wani ɗan garin masunta a bakin tekun Sifaniya, ya yi shekara ashirin yana ɗinke musu taru. Wai gidajensu farare tas, a jere kan tudu suna kallon ruwa. Akwai tsohuwar hasumiya da kakanninsu ke hawa su hango jiragen 'yan fashi, da wata ganuwa da aka ce Musulmi suka gina kafin a kore su. Wai suna kafa taru a cikin teku ɗaki-ɗaki kamar gida, su kama kifi mai girman bijimi, su feɗe, su zuba gishiri. Maƙwabta sun saki baki suna sauraro. Wada, mijina, da ma kin san shi da saurin yarda, har shimfiɗarsa ya bar masa. Ni dai abin da kunnena ya kama, "garinmu" yake ce wa garin masuntan nan.

Ba shi da takarda ko ɗaya. Shehun unguwa ya ce bayan Hajji askarawa za su kwashe duk wanda ba shi da mai tsaya masa, sai fa in na rantse ɗan'uwana ne. Don Allah ki aiko mini da wata alama da zan gane shi da ita.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Ummulkhairi.

Misfala, Makka
Ƙarshen Zulhajji, 1368

Zuwa ga Yaya Hadijatu.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun yi Sallah lafiya, yara kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Har yau ban ga amsarki ba, amma ki huta, na gano da kaina.

Mun tafi da shi Mina sayar da abinci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Shi ya ɗaure mana rumfa da wani irin ƙulli na 'yan jirgi, iska ta kwashe ta maƙwabta ta bar tamu. Na sa ido a sallarsa ko zan ga kuskure, ban gani ba. Zuciyata ta fara saukowa, kuma saukowar ce ta fi ba ni tsoro.

Ranar jifa ta biyu, muna wanke kwanuka, ya koma kan garin nasa. Ya ce babu gida a can da teku ba ta ci wa mutum ba. Sau ɗaya a shekara sukan yi wa jiragensu ado, gari duka ya fita kan ruwa, su watsa furanni saboda matattunsu da ba su da kabari. Ya ce shi ba ya shiga bikinsu, yakan tsaya a gefe ya karanta wa Inna Fatiha, tunda ita ma a ruwa take. Wai a cikin jirgin katakon da ya ɗauko mu daga Sawakin ta cika, kwana uku da tashi, mai jirgi ya ƙi a ajiye ta, aka yi mata likkafani da rawanin Baba. Wai shi ya riƙe wajen ƙafa.

Haba, Yaya! Inna da ke kwance a Ma'ala! Baba da kansa ya kama hannuna ya kai ni gindin katangar maƙabartar ya nuna mini. Shekara talatin, duk Juma'a sai na tsaya a wurin. Wane ɗa ne zai manta inda aka binne uwarsa? Labarin garin can ne kawai ya ɗora wa Inna don in tausaya masa.

Ban yi masa faɗa ba. Da shehu ya kira mu, na ce ba zan iya rantsuwa ba. Mutumin bai musa ba, ya dai ce a tambaye ki. Shekaranjiya askarawa suka tafi da shi. Na san daidai na yi, sai dai abinci ya ƙi shiga mini.

Ki sa ni a addu'a.
Ummulkhairi.

Misfala, Makka
Safar, 1369

Zuwa ga Yaya Hadijatu.

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Takardarki ta iso hannuna ranar Talata. Sau uku na karanta.

Kin ce ke kika riƙe wajen kai. Kin ce kullum ina kuka ina neman a koma bakin ruwa a ɗauko Inna, shi ya sa Baba ya nuna mini katanga, daga baya mutane suka yi ta yi mana barka da uwa a ƙasar Makka, kunya ta hana a warware. Na gane. Amma na girma, Yaya, na haifi biyar, na binne biyu. Da kin gaya mini da na iya ɗauka. Ina jin haushinki, ina jin haushin Baba, Allah ya gafarta masa, amma na fi jin haushin kaina. Duk cikinku shi kaɗai ya gaya mini gaskiya, kuma saboda ita na kore shi.

Ni da Wada mun je Jidda. An ce tun farkon Muharram aka sa su a jirgin Bur Sudan tare da alhazai masu komawa. Na tsaya a bakin tekun, na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a, na rasa ina zan fuskanta.

Yanzu ya fi kusa da ke. Ki roƙi maigidanki ya je tashar jiragen, ya tambayi masu ɗinkin taru, kafin wani jirgi ya sake ɗauke shi. In Allah ya sa an same shi, kada ki ce masa rashin takarda ne. Ki ce ni ce. Ki ce wa Yaya Lurwanu na je gaban shehu na yi rantsuwar, an rubuta, ko ba zai dawo ba.

Ƙanwarku,
Ummulkhairi.